Kwantar da jariri a asibiti ko allura daga gida?

Ana yawan tambayata wannan, jariri kasa da wata 2 da zazzabi, wanne ya fi? Kwanciya a asibiti akwai iskar oksijin da nas dare da rana, sai dai kudin gado da na mota, ga sauran yara an baro a gida. Daya hanyar kuwa allurar gentamicin da amoxicillin na sha na kwana 7, an gwada ta a wani bincike mai suna AFRINEST da aka yi a wasu wurare a Afirka har da Zariya, ya fito 2015, kan jariran da iyayensu suka kasa zuwa asibiti. Tana da sauki amma fa sai an rika komawa wurin ma'aikacin lafiya. Jariri mai jijjiga ko ya daina kama nono gaba daya, asibiti kawai. Wanda jikinsa bai kai haka ba kuma asibiti ya yi nisa, ta biyun ta dace da shi.