Editan rubutu na React: injin ya yi, rigarsa ce ta kwance mini zani a kasuwa

Aikin da aka ba ni shi ne in samar wa marubutan wata kafar labarai wurin rubuta rahoto, inda za su kaurara kalma, su sa kanu, su cusa hoto, ba tare da sun san ko harafi ɗaya na HTML ba. Na ɗauko wani sanannen editan rubutu na kyauta, wanda zan kira injin, haɗe da rigar React da wasu bayin Allah suka ɗinka masa, wato kod ɗin da ke haɗa shi da React, kayan aikin da muka gina manhajarmu da shi. Ba zan kama suna ba, 'yan sana'a sun gane shi. Layuka kaɗan na rubuta ya hau, ya kuma daɗe yana aiki har na manta da shi.

Ranar da muka koma React 19, wadda ta fito a Disamban 2024, ranar na ga ta kaina. Ko'ina a manhajar lafiya lau, amma shafin rubutu fari fat, ba maɓallai, ba akwati. Na leƙa konsol, inda burawza ke nuna kurakurai, jan rubutu na cewa babu wani abu wai shi findDOMNode, wani tsohon umarni na React da rigar ke kira. To, ina za a same shi? An cire shi. Tun 2018 masu React suke faɗa wa duniya a daina amfani da shi, a Afrilun 2024 ma suka fitar da 18.3 musamman don ta riƙa yi wa mutane gargaɗi kan abubuwan da za a cire. Duk tsawon shekarun nan rigar tana rataye a jikin wannan abu guda, babu wanda ya taɓa ta.

Na garzaya ma'ajiyar kod ɗinsu. Koke-koke sun taru jibgi, kowa na kuka da abu ɗaya. Har akwai waɗanda suka rubuta gyaran da hannunsu suka aika, saura kawai a duba a karɓa. Shiru. Wannan shirun ne ya fi ƙona mini rai, wallahi, ba lalacewar ba. Na san aikin sa-kai ne, ba wanda ke biyansu ko sisi, kuma mutum na iya gajiya. Amma me zai hana a rubuta layi ɗaya a saman shafin, a ce jama'a mun ajiye, kowa ya nemi mafita? Da kamfanin Meta ya gama da nasa editan, Draft.js, ai ya fito fili ya faɗa, ya nuna wa mutane sabon editansa Lexical, sannan ya rufe ma'ajiyar a 2023. A nan kuwa sabon shiga zai zo ya ga tarin taurarin yabo da mutane suka ba rigar ya ɗauka, bai san ba kowa a gidan ba. Ga marubuta sun dame ni da waya, labari na jira.

Daga ƙarshe na tuɓe rigar, na haɗa injin da React da kaina: akwati guda da useRef ke riƙe da shi, sai useEffect ya kunna editan a ciki, duka biyun umarnin React ne. Ina buɗewa na ga jerin maɓallai biyu, ɗaya bisa ɗaya. Wannan aikin StrictMode ne, mai binciken kurakurai na React, tun React 18 yake kunna abu ya kashe ya sake kunnawa a lokacin gwaji, don ya kama wanda ba ya share bayansa. Na sa a riƙa cire tsohon jerin, magana ta ƙare.

Kuma gaskiya daga nan na fara ganin ƙimar injin. Wata tsohuwar cuta da marubuta suka saba da ita, inda sandar rubutu ke tsallewa ta koma farkon shafi mutum na tsaka da jimla, ta ɓace ɓat. Ashe rigar ce ke sake ɗora rubutun gaba ɗaya duk sanda wani abu ya motsa. Duk wanda ya taɓa kokawa da contenteditable, wato damar da burawza ke bayarwa ta yin rubutu a cikin shafi, kai tsaye ya san ba ƙaramin aiki aka yi a injin nan ba, kowace burawza da nata halin.

Sai dai kada in cika shi da yabo. Har yau idan marubuci ya kwafo rubutu daga Word, jerin da ke da lambobi kan wargaje, tazarar layi ta ninku. Akwatin da ba a rubuta komai a ciki ba kuma ba ya dawo da fanko, sai ya turo sakin layi mara komai, fom ya ɗauka an cika. Haka aka taɓa wallafa labari mai kanu babu ciki. Abin da ya fito daga editan ma ba na yarda da shi sai DOMPurify, mai cire kod mai cutarwa daga HTML, ya tace shi.

Injin na ba shi tauraro huɗu, rigar ɗaya, ita ma don zaman da muka yi ne. A sabon aikin da ke gabana wani edita mai suna Tiptap nake gwadawa, wanda aka gina a kan injin rubutu na ProseMirror, kuma kafin in sauke shi sai da na duba ranar da aka fitar da gyara na ƙarshe.