Google Arts & Culture, Smarthistory ko bidiyon YouTube: wanne za a riƙe a ajin zane-zane?

Malama, barka da ƙoƙari. Na karanta tambayarki da kyau: an ɗora miki darasin zane-zane a ajin yara 'yan shekara 9 zuwa 12 alhali ba fannin da kika karanta ba ne, kuma da kika shiga intanet neman abin da zai taimaka miki sai kika ci karo da Google Arts & Culture da Smarthistory da kuma bidiyoyin koyar da zane na YouTube, kika rasa wanda za ki dogara da shi. Na yi amfani da duka ukun a aji, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne ba aiki ɗaya suke yi ba. Biyu daga cikinsu suna koyar da kallo ne, ɗaya ga yaro ɗaya ga malami, na ukun kuwa hannu kawai yake horarwa, shi ma sai an san yadda za a bi da shi.

Kamfanin Google ya buɗe nasa shafin a watan Fabrairun 2011 da sunan Google Art Project, da gidajen adana kayan tarihi 17 kacal, cikinsu har da MoMA na birnin New York da Uffizi na Italiya da Rijksmuseum na Amsterdam. A yau cibiyoyin da suka zuba kayansu a ciki sun haura 2,000. Kyauta ake shiga, ta kwamfuta ko ta manhajar waya, kuma babban abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ingancin hotunan, domin an ɗauki wasu zane-zanen da na'urar da ke ba mai kallo damar kusanto su fiye da yadda masu gadin gidan tarihi za su bar shi ya matsa kusa da zanen na ainihi.

Ban san darajar wannan ba sai ranar da na haska wa ajina zanen nan na Vincent van Gogh na 1889, The Starry Night, wato dare mai taurari, wanda ke ajiye a MoMA. Da farko yaran sun ga sama da wata da wata doguwar bishiya mai duhu a gefen hagu, suka ce yana da kyau, magana ta ƙare. Sai na riƙa kusanto hoton a hankali har sararin samaniyar ya wargaje ya koma gajerun layukan fenti masu kauri, shuɗi kusa da fari kusa da rawaya, kowanne da sawun gashin burushi a jikinsa, a wasu wuraren ma ana hango saƙar ƙyallen da aka yi zanen a kai inda fentin bai rufe ba. Wani yaro da ke zama a baya, wanda kullum yake cewa shi bai iya zane ba, ya miƙe ya ce, "Ashe shi ma bai cike ko'ina ba!" A ranar ya zana sama da guntayen layuka, bai tsaya gogewa ba ko sau ɗaya. Gani ya kori ji: da na kwana ina yi musu bayanin cewa babban mai zane ma hannu ne da burushi, da ba su yarda ba kamar yadda suka yarda da idanunsu.

Sai dai wannan shafin taska ce, ba malami ba ne. Zai ba ki sunan mai zanen da shekara da gidan da ke riƙe da aikin, wani lokaci da ɗan labari da ma'aikatan gidan tarihin suka tsara, amma ba zai gaya miki abin da ya kamata ki fara nunawa ba, ko dalilin da ya sa wannan zane ya fi wancan muhimmanci ga darasinki. Wanda bai san abin da yake nema ba zai iya shafe awa guda yana yawo daga ɗaki zuwa ɗaki, ya fito hannu rabbana. Akwai kuma wasanni da gwaje-gwaje a cikin manhajar, irin wanda ke nemo zanen da ya yi kama da fuskar mutum, waɗanda ke ɗauke hankalin yara daga darasi idan aka bar musu na'urar a hannu.

A daidai inda Google ya gaza Smarthistory ya yi ƙarfi. Malaman tarihin fasaha biyu, Beth Harris da Steven Zucker, su suka kafa shi a 2005, kuma a 2011 ya haɗa gwiwa da Khan Academy, wani shafin koyar da darussa kyauta a intanet, shi ya sa za ki tarar da bidiyoyinsa da yawa a can ma. Salonsa mai sauƙi ne: mutum biyu suna tsaye gaban zane ko gini ko sassaƙa suna hira a kansa na 'yan mintuna, ba a nuna fuskokinsu, aikin kawai ake gani, ana kusanto ɓangaren da suke magana a kai. Ɗaya zai ce ya lura da yadda haske ya faɗo daga gefe guda, ɗayan ya ƙara da abin da ke faruwa a ƙasar a lokacin da aka yi aikin, wani lokaci ma su saɓa wa juna. Ban da bidiyo akwai rubuce-rubucen masana masu yawa, kuma ba su tsaya ga Turai ba, domin akwai sassa a kan fasahar Afirka da Asiya da duniyar Musulunci da ta mutanen asali na nahiyar Amurka.

Amma ina roƙonki kada ki kunna wa 'yan shekara 10 bidiyon Smarthistory ki koma gefe. An shirya shi ne domin ɗaliban babbar sakandare da na jami'a, da Turanci mai ɗan nauyi da kalmomin fanni, kuma ƙaramin yaro zai gaji kafin a kai rabi. Ke za ki kalla, a daren da za ki shiga aji ko kafin nan, ki ɗebi abu biyu ko uku ki mayar da su cikin harshen da yaranki ke fahimta. A ganina babbar ribarsa ga malamin da bai karanci fannin ba ita ce yana koya masa yadda ake magana a gaban zane ba tare da fargaba ba, wato a fara da abin da ido ya gani tukuna, kafin a zo ga suna da shekara. Ni kaina daga nan na daina shiga aji da jerin ranakun haihuwar masu zane.

Idan aka jera su biyun ta fuskar intanet, akwai wata matsala da suka yi tarayya a kanta, ko da yake ta fi tsanani ga Google. Hotunansa masu kaifi suna buƙatar intanet mai ƙarfi a daidai lokacin darasi, kuma shafin bai tanadi hanyar sauke su ba, saboda haƙƙin hotunan yana hannun gidajen da suka bayar. Idan layi ya yanke ana tsakiyar darasi, sai ki tsaya da allo babu komai. Maganin wannan yana shafukan gidajen tarihin kansu. A watan Fabrairun 2017 gidan Metropolitan na New York, wanda ake kira Met, ya saki hotuna kimanin 375,000 a ƙarƙashin lasisin CC0, wanda ke nufin kowa na iya saukewa ya buga ya raba ba tare da neman izini ba. Rijksmuseum ya riga shi sakin nasa hotunan da shirin Rijksstudio a 2012, cibiyar Smithsonian ta Amurka kuma ta biyo baya a 2020 da hotuna miliyan 2.8. Alal misali, idan kina son aikin Van Gogh da za ki buga ki raba wa yara, Met yana da zanensa na gonar alkama da dogayen bishiyoyi, shi ma na 1889, da irin waccan sama mai murɗewa, kuma yana cikin waɗanda aka sake. Haka ma hoton babbar igiyar ruwa na Hokusai ɗan ƙasar Japan, wanda ban taɓa nuna wa aji ba tare da wani ya gano ƙananan jiragen ruwan da ke ƙarƙashin igiyar ya yi ihu ba. Ki duba alamar da ke ƙasan kowane hoto kafin ki sauke, domin ayyukan masu zanen zamani galibi ba sa cikin wannan sassaucin.

Wani abin da ya shafi duka shafukan nan shi ne fasahar Turai cike take da zane-zane da sassaƙe-sassaƙen mutane tsirara, kuma babu mai tace miki su gwargwadon shekarun ɗalibanki. Ba a fafe gora ranar tafiya: ki zaɓi hotunanki tun a gida, ki buɗe su kai tsaye, kada ki yi bincike a gaban aji majigi yana kunne.

Bidiyoyin YouTube su ne suka fi jan malamai, kuma na fahimci dalili. Malami mai aji cike da yara, wanda shi kansa bai amince da hannunsa ba, idan ya sami wanda zai ce a ja da'ira nan, a sa kunne nan, yara su yi tsit na minti ashirin kowa ya fito da hoto mai kyan gani, dole ya ji an sauke masa kaya. Na yi hakan na tsawon zango guda. Abin da ya dawo da ni shi ne ranar da na manna zanen kyanwa na dukan ajin a bango, na ja baya na duba, sai na ga kyanwa ɗaya ce aka maimaita, wutsiya a gefe ɗaya, idanu iri ɗaya, har na kasa gane aikin wane ne wannan sai na juya takarda na karanta suna. Wata yarinya kuwa ta dunƙule tata takardar ta cusa a jaka, domin kunnen tata kyanwar ya fi na bidiyon tsawo, ita a wurinta ta faɗi ke nan. Abin ya dame ni ƙwarai, saboda tata ce kaɗai ta yi kama da dabba mai rai. Irin wannan bidiyo yana koya wa yaro cewa zane yana da amsa ɗaya kamar lissafi, kuma amsar tana hannun wani.

Duk da haka ban ce ki rufe YouTube ba. Akwai abubuwan da sai an ga hannu yana yi ake iya su, kuma a nan babu shafin gidan tarihin da zai kama ƙafarsa: yadda ake riƙe fensir a kwance domin yin inuwa, yadda ake haɗa shuɗi da rawaya a sami kore, yawan ruwan da ake sa wa burushi kafin a taɓa fenti, yadda ake murza yumɓu ya zama igiya a gina ƙaramin mazubi da shi, ko dabarar sa hanya ta riƙa tsukewa domin a nuna nisa. Ki nemi gajeren bidiyon da ke koyar da dabara guda, ki nuna minti biyu ko uku, ki kashe, sannan ki bar yara su gwada dabarar a kan abin da su suka zaɓa. Bambancin yana tsakanin bidiyon da ke nuna yadda ake yin inuwa da wanda ke nuna yadda ake zana wannan kyanwar. Ki kuma tuna cewa babu mai tantance ingancin abin da ake ɗorawa a can, ga talla, ga bidiyon da ke biyo baya da kansa wanda ba ke kika zaɓa ba. Idan kina son ayyukan hannu da aka tsara domin yara daga wata majiya mai aminci, Tate Kids na gidan Tate da ke Landan yana da su, tare da taƙaitaccen bayani a kan masu zane.

Da za a tilasta mini in riƙe ɗaya tak a cikin ukun domin ajinki, Google Arts & Culture zan riƙe, tare da hotunan da na sauke daga Met a matsayin madogara idan intanet ya ƙi, amma da sharaɗin in zo masa da tambayoyi. Mafi amfani da na sani su ne guda uku na tsarin da ake kira Visual Thinking Strategies, wanda Abigail Housen da Philip Yenawine suka samar, shi Yenawine kuwa ya taɓa shugabantar sashen ilimi na MoMA. Ana barin yara su kalli hoton shiru na ɗan lokaci, sai a tambaye su me ke faruwa a cikinsa. Duk wanda ya ba da amsa a tambaye shi me ya gani da ya sa ya faɗi haka. Daga nan a tambayi ajin me kuma za a iya ganowa. Malami ba ya cewa wannan daidai ne wancan kuskure ne, yana maimaita abin da yaro ya faɗa ne yana nuna wurin da yatsa. Tambaya ta biyun ita ce ƙashin bayan abin, domin ita ke tilasta wa yaro komawa ga hoton ya kawo hujja. Wannan tsari ya dace da halin da kike ciki, tunda ba ya buƙatar ki zama masaniyar tarihin fasaha kafin ki fara, kuma abin da kika tsinta a Smarthistory sai ki riƙa sako shi kaɗan-kaɗan a lokacin da yaran da kansu suka tambayi wane ne ya zana, ko me ya sa ya zana haka.

A darasi mai minti 40, ni nakan ba kallo da tattaunawa minti 10, nuna dabara minti 5, sauran lokacin duka na takarda da fensir ne, allo a kashe. Hoto ɗaya ya isa darasi ɗaya. A makon farko ki gwada da zanen Van Gogh na dare mai taurari: su kalla, su yi magana, ki kusanto musu layukan fentin, sannan ki ce kowa ya zana sama kamar yadda ya taɓa ganinta da dare, da guntayen layuka kawai, ba tare da abin gogewa ba. Idan kika buga hoton domin mannawa a bango, ki rubuta sunan mai zanen da shekarar da gidan da ke ajiye da shi a ƙasa, haka su ma yaran su rubuta sunayensu da kwanan wata a ƙasan nasu.