Firizar tokumbo ko sabuwa: yi lissafin wuta kafin ki biya

Duk mai sayar da ƙanƙara, zoɓo ko kunun aya a Agege ko Mile 12 da ke Legas ta san firiza ce jarinta. Abin da ke damuna shi ne in ga mace ta je kasuwar Alaba ta ɗauko ta tokumbo, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, don arha, wata bai ƙare ba katin mita ya cinye ribar.

Lissafin ba shi da wuya. A bayan firiza akwai 'yar takarda da aka rubuta wat nawa take ja. Ki ninka wat ɗin da awannin da injinta ke aiki, ki raba da 1,000, abin da ya fito shi ne yunit ɗin da mita ke cirewa. A ce tsohuwa mai wat 150 tana kaɗawa awa 12 a rana: yunit 1.8 ke nan, 54 a wata. Sabuwar da aka rubuta mata 300 kWh (wato yunit 300) a shekara kuwa, 25 take ci a wata. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai yunit ɗaya naira 225 ga 'yan Band A, masu samun wuta aƙalla awa 20 a rana. Da wannan farashi, bambancin yunit 29 ya kai naira 6,525 a wata, 78,300 a shekara. Sai dai ki ƙara wani abu a kan adadin kamfani, don zafin Legas da yawan buɗe murfi suna sa inji ya daɗe yana aiki.

Ni dai mai buɗewa ta sama nake zaɓa. Iska mai sanyi ƙasa take kwanciya, shi ya sa ko an ɗauke wuta ƙanƙara ba ta saurin narkewa, ta tsaye kuwa da an buɗe ƙofa sanyin ya zubo.

In ƙarfinki tokumbo ya kai, Hajiya, babu laifi, amma ki gwada ta. Ki maƙale takardar naira ɗari a bakin murfi, ki rufe, ki ja. In ta zare salin-alin, robar murfin ta mutu, injin ba zai huta ba. Ki duba kuma an rubuta 220 zuwa 240V. Wadda aka yi don Amurka 110 zuwa 120 take sha, sai kin haɗa mata da taransifoma, shi ma yana cin nasa.