Ɗaure Kuɗin Ruwa Ko Jira: Wanne Ya Fi Ga Mai Sayen Gida A Amurka?

'Yan uwa mazauna Amurka sun sha tambayata: idan banki ya amince da bashin gida, a ɗaure kuɗin ruwan nan take, ko a jira ya sauka?

Ɗaurewa alkawari ne banki ke yi maka cewa ruwan da kuka tsayar ba zai motsa ba na kwana 30, 45 ko 60, har ku kammala takardun sayen. Hankali kwance. Amma idan aikin takardu ya ja, wa'adi ya ƙare, sai ka biya kuɗin ƙarin lokaci. Idan kuma ruwa ya sauka bayan ka ɗaure, sai dai kallo, in ba ka sayi damar sassautawa tun farko ba, ita ma da farashinta.

Jira ba ya cin kuɗi a yau, sai dai caca ce. A Janairun 2021 ruwan bashin shekara 30 ya faɗi zuwa kusan kashi 2.65, zuwa Oktoban 2023 ya doshi kashi 8. Ko ƙarin rubu'in kashi ɗaya a kan ruwan, a bashin dala 300,000, kusan dala 50 ne kowane wata, shekara talatin cur! Ni dai ban ga wanda ya iya hango kasuwar nan ba.

Wanda albashinsa da kyar ya kai mizanin banki, ko ranar karɓar makullinsa ta matso, ya ɗaure. Mai rara a aljihu, wanda ginin gidansa ke da sauran watanni, jira ba zai cuce shi ba.