Sharhi kan kundin sojojin Ostireliya da ke intanet, ta hanyar fayil ɗin Jim Martin

Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ostireliya ta sanya fayilolin sojojinta na Yaƙin Duniya na Ɗaya a intanet kyauta, haka kuma Gidan Tunawa da Yaƙi da ke birnin Kanbera yana da shafin da ya jera sunayen waɗanda suka rasu a bakin aiki. Na yi amfani da su biyun wajen bibiyar rayuwar James Charles Martin, wanda ake ɗauka shi ne ɗan Ostireliya mafi ƙarancin shekaru da aka san ya rasu a wannan yaƙi, kuma na gamsu da su matuƙa.

Babban amfanin kundin shi ne yana nuna wa mai bincike hoton takardar asali, da rubutun hannun jami'an wancan zamani da tambarinsu. An haifi Jim a garin Tocumwal ranar 3 ga Janairu 1901, ya shiga soja a Melbourne cikin Afrilu 1915 yana ɗan shekara 14, amma abin da aka rubuta masa shi ne 18. Ganin wannan lamba a kan takarda ya fi kowane bayani taɓa zuciya, musamman idan aka san cewa iyayensa sun amince ne bayan ya yi barazanar gudu ya shiga da wani suna, ta yadda ba za su sake jin ɗuriyarsa ba.

Daga nan labarin gajere ne. An sa shi a Bataliya ta 21 ta sojan ƙasa, aka kai su Masar. A hanyarsu ta zuwa Gallipoli, fagen yaƙin da ke ƙasar Turkiyya, ranar 2 ga Satumba, jirgin ruwan Jamus mai tafiya a ƙarƙashin teku ya harbi jirginsu mai suna Southland, Jim ya tsira bayan ya daɗe cikin ruwa. Da ya isa Gallipoli, harsashi bai same shi a ramukan yaƙi ba. Zazzaɓin taifot ne ya kama shi a wurin da ƙudaje da ƙarancin ruwa mai tsabta suka addabi dakaru, ya rasu ranar 25 ga Oktoba 1915 a jirgin asibiti na Glenart Castle, yana da shekara 14 da wata 9. A teku aka binne shi, shi ya sa ba shi da kabari, sai dai sunansa da ke rubuce a dutsen tunawa na Lone Pine a ƙasar Turkiyya. A ganina, duk wanda ya karɓi yaron nan a matsayin baligi ya ɗauki nauyin da ba ƙarami ba, ko da kuwa yana da tsayin manya.

Sai dai mai shiga ya zo da haƙuri, domin komai da Turanci yake, rubutun hannun 1915 yana da wuyar karantawa a fuskar waya, kuma takardun soja cike suke da taƙaitattun kalmomi. Kwamfuta ta fi dacewa da aikin. Da yake masu suna James Martin suna da yawa a kundin, ya fi sauƙi a neme shi da lambarsa ta soja, wato 1553. Ina ba malaman tarihi da ɗalibansu shawarar su fara da shafin Gidan Tunawa, sannan su wuce zuwa fayil ɗin.