Regileta mai juya kanta ko 'yar ƙaramar ta gashin nama?

Alhaji, sannu da fama. Ka tambayi wace regileta, wato abin da ke daidaita ƙarfin gas tsakanin tukunya da murhu, za ka saya wa tirelarka ta kwana, irin wadda ake ja da mota a nan Amurka. Mai juya kanta za ka saya, mai mataki biyu, wadda ake haɗa wa tukunyar gas biyu, idan ɗaya ta ƙare ta koma kan ɗayar da kanta. Waccan 'yar ƙaramar da aka ce maka duk ɗaya ne, ka bar musu abarsu a kanti. Sai dai kada ka ciro katin banki tukuna, don yadda ka ce wutar murhun tirelarka tana komawa kamar ta aci-balbal da zarar hita ta kama, ba lallai regiletar ce ta mutu ba.

Fara da koren kan tiyon nan da kake murɗawa a bakin tukunya. A cikinsa akwai wani ɗan makari da ke tare gas idan tiyo ya fashe. Matsalarsa ba ya bambance fashewar tiyo da mutumin da ya buɗe tukunya da ƙarfi a lokaci guda, musamman idan an bar wani kan murhu a buɗe. Da ya ji gas ya kwararo sai ya toshe hanya, ya bar ɗan abin da zai kunna murhu ɗaya da ƙyar. Ka kashe komai, ka rufe tukunya, ka kwance tiyon, ka ba shi kamar minti 5, ka mayar, sannan ka buɗe sannu a hankali kamar mai shiga ɗakin da jariri ke barci. Na san wanda ya sayi sabuwar regileta a kan wannan kawai. Ni ne.

Idan ka yi haka sau biyu wutar ba ta miƙe shuɗiya ba, to mu zo kan zaɓi.

Gas ɗin nan na Amurka ba irin na gida ba ne. Namu butane ya fi yawa a ciki, shi kuwa propane ƙarfinsa a tukunya yakan wuce psi 100 (psi ma'aunin ƙarfin gas ne) a rana mai ɗumi, ya faɗi ƙasa sosai idan sanyi ya sauko. Murhu da hita da firji kuma abin da suke so bai kai rabin psi ɗaya ba, wanda masu gyara ke ce wa inci 11 na ruwa. Mai mataki biyu takan fara sauke ƙarfin zuwa wajen psi 10, sannan ta sake sauke shi zuwa wancan ɗan kaɗan ɗin, shi ya sa ko tukunya ta cika ko ta kusa ƙarewa, ko rana ko dare, wutar ba ta rawa.

Tawa ta kamfanin Marshall Excelsior ce, kuma na san darajarta ne wani watan Oktoba da muka kwana da iyali a bakin tafkin Superior, gaba da garin Duluth. Da magariba muna cikin rigar sanyi ɗaya, kafin asuba raɓa ta daskare a gilashin mota. Tukunya mai fam 20, wato kilo 9, idan hita mai BTU 30,000 (ma'aunin zafin da take bayarwa a awa ke nan) tana ci ba tsayawa, awa 14 ne ta ƙare, kuma tamu ta riga ta yi kwana biyu tana aiki. Can cikin dare ta ƙare. Babu wanda ya sani. Regiletar ta koma kan ta biyu da kanta, yara suna ta munshari, uwargida ba ta ko juya ba. Sai da na fito alwala na ga 'yar alamar ta tashi daga kore ta koma ja. Na juya hannun zuwa tukunyar da ke aiki, na rufe wadda ta ƙare, na cire ta, aka cika mana a gari. Abu ɗaya da za ka kiyaye: dole tukwanen biyu su kasance a buɗe, kuma ka riƙa leƙa alamar kullum, in ba haka ba za ta cinye duka biyun shiru, ka farka ba gas ba shayi.

Ita kuwa mai mataki ɗaya, tana gasa kaza a bayan gida, wannan ba na musu. Na ɗaura ta a tirela mako ɗaya, hita na kamawa murhu ya mutu, kuma ƙa'idar ƙera irin waɗannan tireloli ma mai mataki biyu ta tanada.

Wajen ɗaurawa, 'yar ƙofar numfashinta ta kalli ƙasa don kada ruwa ya shiga ya daskare a ciki. Ka canza tiyoyin biyu tare da ita, masu koren kai, don baƙin kai na gashin nama ne, gas ɗin da yake bari ya wuce bai kai ba. Kowace mahaɗa ka shafa mata kumfar sabulu, idan ta yi ƙwai gas na fita. Ashana ba abin gwaji ba ce. In kuma murhu lafiya lau yake, firji ko hitar ruwa ce kaɗai ta ƙi kamawa, buɗe murfinta daga waje ka duba bututun wuta, zanzaro da gizo-gizo suna son yin gida a wurin.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. A intanet akwai masu liƙa hoton tirela a jikin regiletar gashin nama, wasu ma ba tambarin UL, wato shaidar an gwada ingancinta, a jikinta. Idan ba a rubuta mataki biyu da inci 11 ƙarara ba, wuce. Wani mai gyara ya taɓa ce mini sai an canza bututun tirelar gaba ɗaya, ko ma'aunin ƙarfin gas bai ɗauko ba. Ka ce a auna a gabanka, kayan wuta suna kunne. Tukwanen musanya na bakin kanti kuma, waɗanda ake ba da wofi a karɓi mai gas, karanta takardar jikinsu, yawancinsu fam 15 ake zubawa a tukunyar fam 20. Gara ka kai taka a cika maka. Ka duba kwanan watan da aka buga a wuyanta kafin ka fita, idan ta wuce shekara 12 ba a sake gwada ta ba za su ƙi cikawa.