Kamfanin da ke kawo mini kaya daga China: abin da na gani tun daga korona

Kayan kicin na amare nake sayarwa a Kano: kuloli, setin tukwane, farantan tangaran, kofuna, filas, injin markaɗe da makamantansu. Yawancinsu daga Yiwu nake saro su, kaɗan daga Guangzhou. 'Yan uwa mata da ke son fara wannan sari suna yawan tambayata wa ke kawo mini kaya, ko kuma zan ba su shawarar su bi ta hannunsa. Amsata ita ce e, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ba ya faɗuwa a saƙon murya na minti ɗaya. Ba zan kama sunan kamfanin ba, tunda akwai yabo akwai ƙorafi. Irin kamfanonin nan ne masu ofis a saman bene kusa da Kantin Kwari, da sito a bayan gari, da wakilai a China.

Ga wadda ba ta san tsarin ba: za ki sayi kayanki ta 1688, wato shafin sari na intanet na China, ko a hannun dilan da kika sani, a kai su sitonsu na can, a rubuta alamarki a jikin kowane kwali. Su auna girman kayan da ma'aunin da ake kira CBM, wato wurin da ya kai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi. Sai su haɗa da kayan wasu mutane su cika kwantena, su yi fito a tashar jirgin ruwa, tirela ta kawo Kano, ki biya ki ɗauki naki. In komai lafiya, wata biyu da 'yan kwanaki kaya sun iso. Matsalar ita ce tun 2020 ba kasafai komai ke zama lafiya ba, kuma a irin wannan lokacin ne ake gane kamfani.

Da korona ta zo, China ta rufe ƙofarta ga baƙi a ƙarshen Maris na 2020, ba a kuma koma ba da biza yadda aka saba ba sai Maris na 2023. Shekara uku ke nan ɗan kasuwa ba ya iya zuwa ya taɓa kaya da hannunsa. Mutanen da kamfanin ke da su a can, wani Bakano da ya yi karatu a China da wata Bachaniya mai kula da sito, su suka zama idanunmu. Ni dai har buɗe mini kwali yake yi a bidiyo, ya ƙwanƙwasa gindin tukunya in ji kaurinta, ya zuba tafasasshen ruwa a kula ya rufe, ya dawo da yamma ya nuna mini ko tana riƙe zafi. Ba a cikin yarjejeniyarmu wannan yake ba, ba su kuma taɓa cajina a kai ba. Sau ɗaya ma ya mayar da wasu kuloli gaba ɗaya saboda murafensu ba sa zama, tun kafin in sani.

Abin da ya fi taimakonsu a shekarun nan shi ne suna da sito biyu, ɗaya a Guangzhou ɗaya a Yiwu, kowanne kuma da tashar da yake lodi. Kayan Yiwu ta Ningbo suke fita, na Guangzhou kuma ta tashoshin kudu. Lokacin da aiki ya kusa tsayawa a tashar Yantian ta kudancin China a tsakiyar 2021 saboda cutar ta ɓulla a cikin ma'aikata, sai suka riƙa tura kayan kudu a mota zuwa ɗaya siton. Da aka kulle Yiwu a Agustan 2022 kuma suka juya. Wata ƙawata da ke bin wani kamfani mai sito ɗaya tak, kayanta suna can a jibge har bikin da aka yi odar dominsa ya wuce.

Tun a lokacin ne Alhaji mai kamfanin ya kawo tsarin da na daɗe ina gunaguni a kai, wato raba kayan mutum gida biyu. In kayanki suna da ɗan yawa, ba za su zuba su a kwantena ɗaya ba, sai rabi ya bi wannan jirgi, rabi ya bi na bayansa. Ga mai sayar da seti wannan abin haushi ne, domin in ba a yi hankali ba sai tukwane su iso murafe suna teku. Na kai kuka, suka gyara: yanzu kowane kaso cikakken seti ne. Kuɗin dako daga sito zuwa shago kuma ya zama sau biyu. Duk da haka ban ce a daina ba, don akwai lokacin da aka riƙe kwantena ɗaya a tasha ana bincike saboda kayan wani da ke ciki, ɗaya rabin da ya fito ne ya rufa mini asiri a wajen iyayen amare.

Ta ɓangaren Najeriya kuwa, duk wanda ya yi harka da Apapa kafin 2021 ya san yadda tirela ke shafe makonni a layi kafin ta shiga tasha. Tsarin Eto na kiran motoci ta intanet da hukumar tashoshin ruwa ta fara a Fabrairun 2021 ya rage abin, bai kawar da shi ba. Su dai ba su dogara da Legas kaɗai ba, suna sauke wasu kwantenoni a Onne ta jihar Ribas. Can ma da tata matsalar: da aka fara zaman gida na ranar Litinin a kudu maso gabas a Agustan 2021, direbobi masu hankali suka daina ratsa yankin ranar. Saboda haka a lokacin in aka ce mana mota ta yi lodi Asabar, ba ma fara lissafi sai Talata.

A watan Oktoba na 2022 ruwa ya shanye hanyar Lokoja zuwa Abuja a wajen Koton Karfe, tireloli da tankoki suka yi cirko-cirko, har Abuja ta shiga wahalar man fetur. Akwai kayana a cikin motar da ta maƙale. Abin da ya burge ni shi ne ba ni na kira su ba, su suka kira ni. Yaron ofis ya ce, "Hajiya, motarmu tana bayan Lokoja, ga hoton da direba ya turo. Alhaji ya ce in akwai amaryar da bikinta ya matso ki faɗa mana, mu ga yadda za a yi." Motar da ke shirin tasowa daga Legas kuma aka sa ta bi ta Ilorin da Jebba da Mokwa. Ni kuwa aka haɗa ni da wani mai shago da kayansa suka riga suka iso, ya ranta mini seti kaɗan, da nawa suka zo na mayar masa. Irin wannan haɗin ba ya cikin takardar kowa, sanin mutane ne kawai.

To, yanzu ga inda muke samun saɓani, kuma a nan nake so mai shirin farawa ta buɗe kunne. Kuɗin CBM ba ranar da aka yi lodi ake yanke shi ba, sai ranar da kaya suka iso. Da can wannan bai dami kowa ba, domin bambancin ba shi da yawa. Amma a watan Yuni na 2023 Babban Banki ya saki naira, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, zuwa Fabrairun 2024 kuma ta wuce 1,500. Kwastan da farashin dala suke lissafin kuɗin fito, a farkon 2024 kuwa farashin da suke amfani da shi ya riƙa canzawa a kai a kai, wani lokacin fiye da sau ɗaya a mako. Ga kuma man dizal da tireloli ke sha, wanda tun 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, ya tashi daga wajen naira 300 zuwa kusan 800 a lita. Mutane suna ɗora komai a kan cire tallafin fetur na Mayun 2023, alhali kuɗin tirela ya riga ya tashi shekara guda kafin nan, don dizal dama babu tallafi a kansa.

Duk wannan na yarda da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne in karɓi kuɗin uwar amarya a kan farashi, in sa ribata daidai gwargwado, sai kaya sun iso a miƙo mini takarda da adadin da ya cinye ribar har ya taɓa uwar kuɗi. Na hau benen nan na same shi. Na ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, wannan kuɗin fito ne ko kuwa an haɗa da na kwanakin da kwantena ta yi a tasha?" Ya yi shiru, sannan ya jawo fayil ya nuna mini takardar kwastan da ta kamfanin jirgi. Akwai tarar jinkiri a ciki, kuma jinkirin nasu ne: sun jira dala ta sauka kafin su biya, ita kuwa ta ƙara hawa. Ya ce, "Hajiya, mun yi ne don mu sauƙaƙa muku." Na ce to da ta sauka, da wa zai ci ribar? Ya yi dariya ya ce a cire mini kasona na tarar. An cire. Amma waɗanda ba su hau benen ba sun biya, kuma har yau ba a rarrabe wa mutum lissafi sai ya nema. Adadi ɗaya ake rubuto miki dunƙule. Kamfanin da ke iya turo hoton mota daga Lokoja bai kamata rubuta layi huɗu a rasit ya gagare shi ba.

Batun Bahar Maliya ma sai da na bi diddigi. Tun Nuwamban 2023 da 'yan Huthi na Yaman suka fara kai wa jirage hari, manyan kamfanonin jiragen ruwa suka daina bi ta mashigin Suwez suna zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu. Nan take kowane mai jigila a Kano ya samu abin fakewa: kaya sun makara, sai a ce Bahar Maliya. Alhali jiragen da ke tasowa kai tsaye daga China zuwa Afirka ta Yamma dama ta ƙasan Afirka ta Kudu suke bi. A nan na yaba wa wakilinsu na Guangzhou, don bai yi mini wannan ƙaryar ba. Ya ce hanyarmu ba ta canza ba, abin da ya faru shi ne jiragen Turai sun ƙara nisan tafiya, aka kwashi jirage da kwantenoni aka kai can, wuri ya yi wuya a namu layin, farashi ya tashi a tsakiyar 2024. Sai dai kayan da ake sauya wa jirgi a tashoshin Bahar Rum, su kam abin ya shafe su kai tsaye.

Rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 bai hana kayana isowa ba, masu saye ya hana zuwa. Ina da abokan ciniki daga Maraɗi da Damagaram masu ɗaukar kaya da yawa, kuma ba a buɗe iyakar ba sai Maris na 2024. Kaya suka iso babu inda zan zuba su. Ƙa'idar kamfanin ita ce bayan 'yan kwanaki a fara cajin kuɗin ajiya, amma suka ɗage mana mu masu cinikin Nijar ba tare da mun roƙa ba. Sharaɗi ɗaya suka sa, a biya kuɗin jigila tukuna.

Inda suka fi rauni shi ne fashewar kaya. Ranar sauke kwantena sai ki ga 'yan dako suna jefo kwali daga saman tirela, wani na caɓewa a ƙasa, in ya kuɓuce shi ke nan. Ni yanzu da kaina nake zuwa, in ɗaga kowane kwalin tangaran in girgiza shi kusa da kunnena kafin in sa hannu a takarda, domin da zarar kin fita daga ƙofar sito babu mai sauraronki. Ko a cikin siton kika gano, amsar ba ta wuce "sai haƙuri, Hajiya" sannan a ce dilanki ne bai naɗe da kyau ba. Babu inshora, babu tsarin biyan diyya, sai abin da Alhaji ya ga dama ya rage miki a lodi na gaba. Suna yin akwatin katako ga mai so, da ƙarin kuɗi kuma yana ƙara girman CBM, amma ga faranti da kofunan gilashi gara a biya. Wayar ofis kuma in kwantena ta makara ba tare da wani babban dalili ba, sai ta yi ta ringin babu mai ɗauka. Abin mamaki, sun fi iya magana a lokacin babbar masifa fiye da lokacin ƙaramin sakaci nasu.

Jigilar jirgin sama suna yi, da kilo ake biya, kaya su sauka filin jirgin Malam Aminu Kano cikin mako ɗaya ko biyu. Ga mai sayar da sarƙa da agogo daidai ne. Ga mai tukwane kuwa kuɗin ya fi ƙarfin kayan, sai dai samfur.

Abu na ƙarshe da suke yi da nake jin daɗinsa shi ne tunatarwa kan kalanda. Masana'antun China suna rufewa makonni a lokacin sabuwar shekararsu, mu kuma bukukuwanmu sun fi yawa a Rajab da Sha'aban, kafin azumi. A 2025 sabuwar shekarar tasu ta kama 29 ga Janairu, azumi kuma farkon Maris, wato wadda ta jira Disamba kafin ta yi oda ta riga ta makara. Tun Satumba suka fara turo saƙo a guruf cewa lodin ƙarshe na kayan biki ranar kaza ne, Alhaji yana ta maimaita mana cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Mutane da yawa sun ɗauka neman ciniki ne. Na bi maganarsa, kayana suka iso ana tsakiyar kai lefe.

Wadda za ta fara da su, ta nemi a rubuta mata tun ranar lodi cewa tarar jinkiri ba ta cikin abin da za ta biya, ta kuma bar wa kanta sarari a farashin da za ta faɗa wa masu oda. Ni yanzu ba na yanke wa uwar amarya kuɗin ƙarshe sai kwantena ta fito daga tasha, kafin nan rabi kawai nake karɓa. Wasu sun ƙi wannan tsarin sun koma wajen masu yanke farashi nan take, ban kuma hana su ba.